Ƙarancin Zaɓi Daban, Ƙarancin Dole Daban

Kwanan baya na leƙa wani nunin hotuna da wasu 'yan'uwanmu ɗalibai suka shirya, sai na yi kiciɓis da ƙasarmu rataye a bango. Hoton wani fili ne a yankin Sule Tankarkar: rairayi a ƙasa, sama fayau, sai aduwa ƙwaya ɗaya tal a tsakiya. Ba mutum, ba akuya. Mai hoton ya ce wai wannan shi ne minimalizim, wato salon taƙaitawa, inda ake rage komai har sai ɗan kaɗan ya saura. Jama'a sai yabo suke yi. Ni kam raina ne ya ɓaci, ga kuma dalilina.

Wannan salo ya yi tashe ne a Amurka cikin shekarun 1960. Su Donald Judd sun gaji da zane mai hayaniyar launi, suka koma ga akwatunan ƙarfe marasa ado. Shi Judd har akwati 100 na alminiyam ya jera a garin Marfa. To, ai sai wanda ya ƙoshi ke ture akushi. Su yalwa suka gani suka zaɓi kaɗan. Shin manomin Sule Tankarkar ko na Gagarawa shi ya zaɓi gonarsa ta zama haka? Dattawanmu sun san irin waɗannan filaye da gawo da kuka da marke. Farin 1973 da na 1984, da gatarin masu itace, su suka share su. Abin da aka kira kyau a hoton nan, sunansa na gaskiya kwararowar hamada. Ita ce ta sa Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa ganuwar itatuwa a 2007, Jigawa kuwa na cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin ya shafa.

Na san za a ce mai fasaha ba ɗan jarida ba ne, kyau yake nema. Na ji. Amma wa ya zaɓi inda kyamara za ta fuskanta? Da ya ɗan juya, da ya ga mata a bakin rijiya. Da ya ƙarasa Maigatari ranar Alhamis, da ya ga kasuwa maƙil da shanu da raƙuma. Sai da ya kawar da mutane sannan hotonsa ya yi kyau. Wanda kuwa ya saba ganin ƙasa ba mutane, ba zai tambayi halin da mutanen ke ciki ba.

Kada a ɗauka Bahaushe bai san taƙaitawa ba. Dubi allo, dubi tulu, dubi rumbu: babu abin da za ka cire bai lalace ba, domin amfani ne ya tsara su. Amma in ya sami hali, sai ya cika rigarsa da aska takwas, ya zane soronsa kamar na Zariya, ya jere ɗakin amarya har rufi. Ya san muhallin kowanne.

A 1958 ɗalibai irinmu a Zariya, su Uche Okeke da Demas Nwoko, suka ƙi haɗiye koyarwar Turawa ba tauna, suka waiwayi fasahar gida. Mu me ya hana mu? Ya ku masu kyamara, in za ku ɗauki aduwar nan, ku ɗauke ta da mai gonar a gindinta. Kayan aro ba ya rufe katara. Allah ya sa mu gane.