Kunne Ya Girmi Kaka

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, domin ta kunne ne labarin mutanen da ya ke isowa ga na yau. To, abin mamaki, wannan gaɓa da aka girmama a karin magana ita ce aka fi wulakantawa a gida. A Jangeru, da Shinkafi, da Zurmi, da Ƙaura Namoda, da wuya a shiga unguwa ba a tarad da dattijon da jinsa ya yi nauyi ba. In an tambayi iyalinsa, sai su ce, "Ai Baba tsufa ne, ba magani." Wannan magana kuwa rabinta gaskiya ne, rabinta lalaci.

Ga rabin gaskiyar. Can cikin kunne akwai wani ɗan ƙashi mai siffar katantanwa, cikinsa da waɗansu 'yan gasu ƙanana dubbai, su ne ke kai sauti ga ƙwaƙwalwa. In shekaru suka tura sai su riƙa mutuwa kaɗan kaɗan, wanda ya mutu kuwa ba ya sāke tsirowa. Siririyar murya ita ke fara ɓacewa. Shi ya sa tsoho ya kan ji ganga sarai, amma maganar jikanyarsa ta kuɓuce masa. Ya kan ji ana magana, ya kasa rarrabe kalmomi, balle ran Alhamis cikin hayaniyar kasuwar Shinkafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙididdige cewa cikin waɗanda suka haura shekara 60, fiye da ɗaya cikin huɗu na da nauyin ji mai hana su harka.

Sauran rabin fa? Da fari dai, ba kowane nauyin ji ne na tsufa ba. Wani dauɗa ce kurum ta toshe kunnen, ma'aikacin asibiti ya iya fid da ita cikin ɗan lokaci. Amma maimakon a kai tsoho a duba, sai a miƙa masa gashin kaza ko tsinken ashana, ya yi ta cusa dauɗar ciki, wani lokaci har ya huda fatar kunnen. Wani kuma a ɗiga masa mai ko ruwan ganye. Wannan ɓarna ce da sunan jinƙai. Haka nan wanda ya shekara yana tsaye bakin injin niƙa ko janareta, da wanda ake yi wa allura irin su jentamaisin ba da izinin likita ba, sun gayyato kurunta tun ba ta yi niyyar zuwa ba. Hawan jini da ciwon sukari su ma suna da hannu.

Na biyu, ko jin da tsufa ya rage akwai dabara. Akwai na'ura ƙarama da a ke maƙalawa a kunne, ta ƙara ƙarfin sauti, bayan an gwada jin mutum. Ba ta mai da kunne sabo, amma ta kan mai da dattijo cikin zance. Tun 1999 aka kafa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai kuma likitocin kunne a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci ya ga malami da tabarau yana karatu, ba wanda ya yi masa dariya. Don me za a ji kunyar abin kunne, alhali ba a ji kunyar na ido ba?

Masu cewa tafiya da nisa, kuɗi kuma babu, suna da hujja, gama hanyoyin ƙasar nan ba su da daɗin bi. Amma akwai taimakon da ba ya cin ko kwabo. A fuskanci tsoho in za a yi masa magana, a wuri mai haske, ya ga leɓe. A kashe rediyo tukuna. A yi magana a hankali, kada a daka masa tsawa, gama ihu dagula kalmomi ya ke yi, ya kuma ƙona zuciya. In bai gane ba, a sāke faɗi da wata kalma.

Kada a ɗauki abin nan wasa. Dattijon da ya gaji da cewa "Na'am?" sai ya daina zuwa dandali, ya yi shiru wurin shawarar aure da rabon gado, har iyakar gonar da shi kaɗai ya sani ta tafi kabari tare da shi. Masana sun nuna a 2020 cewa nauyin jin da aka ƙyale yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ruɗewar tsufa. A ƙasar da 'yan bindiga suka sa mutane kwana da kunne a buɗe kuwa, wanda ba ya jin kururuwa yana bukatar a san wanda zai tashe shi.

Saboda haka wajibi ne ga kowane mai karatu ya dubi gidansu. In akwai tsohon da aka daina yi wa magana, a kai shi asibiti mafi kusa a duba kunnensa, a kuma koma zama kusa da shi tun yana da abin faɗi.