Tayin Bayan Fage a Gwanjon Intanet: Hattara 'Yan'uwa Matasa

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan matasa da dama sun rungumi saye da sayarwa ta intanet a matsayin hanyar neman halaliyarsu, wanda kuma abin a yaba ne matuƙa, musamman a wannan lokaci da samun aikin ofis ya zama sai ɗan wane da wane. Daga cikin hanyoyin da suke bi akwai gwanjo, wato mutum ya baje hajarsa a dandali, ya yanke wa'adi, masu so su yi ta tayawa a idon jama'a, wanda tayinsa ya ɗara na kowa a lokacin da wa'adin ya cika shi za a sallama wa. 'Yan'uwan da ke karatu ko ci-rani a Ingila da Amurka sun san dandalin eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a Kalifoniya a shekarar 1995, inda ake ba gwanjo wa'adin kwana 1, 3, 5, 7 ko 10. A gida kuwa ana yin makamancin haka a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook, ana gwanjon wayoyin hannu da kwamfutoci da takalma, har da tantabaru.

Shi gwanjo a kan kansa babu laifi a cikinsa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi gwanjon shimfiɗa da ƙoƙon shan ruwa na wani mabuƙaci, wani ya taya dirhami 1, ya nemi mai ƙari, wani ya ba da dirhami 2, ya sallama masa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na 8 da ta yi a Burunai a 1993, ta tabbatar da halaccinsa tare da sharuɗɗansa. Matsalar tana tasowa ne a tsakiyar gwanjon, lokacin da wani ya zagayo ta bayan fage.

Ga yadda abin yake faruwa. Ɗan'uwa ya sa kyamararsa a gwanjon kwana 7, a rana ta 3 tayi ya kai dala 80, sai ga saƙo a asirce daga wani da bai taɓa tayawa ba, yana cewa a rufe gwanjon yanzu zai biya dala 150, amma a koma WhatsApp a ƙarasa magana, a biya ta wata hanya daban don kada dandali ya yanki la'adarsa. Ga matashin da ke jiran kuɗin haya ko na makaranta, wannan magana tana da daɗin ji ƙwarai. To amma kafin ya amsa, ya kamata ya tsaya ya yi wa kansa tambaya guda: me ya hana wannan mutum ya rubuta dala 150 ɗin nan a fili inda kowa ke tayawa? Hanya a buɗe take, babu wanda ya tare shi. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Sau da yawa dalilin shi ne mai tayin ya fi mai kaya sanin darajar kayan. Duk wanda ya saba da gwanjon intanet ya san cewa ƙwararrun masu saye ba sa nuna kansu da wuri. Sukan laɓe har sai ya rage 'yan daƙiƙoƙi a rufe, sannan su jefa tayinsu, saboda haka farashin rana ta 3 ba ya nuna inda gwanjo zai tsaya a rana ta 7. Mai zagayowa yana so ne ya ɗauke kayan kafin waɗancan su fito su yi gogayya da shi. Wannan ya yi kama sosai da abin da Shari'a ta hana tun da daɗewa, wato a fita a tari ayarin fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa su san farashi. Hikimar hanin ita ce kare mai kaya daga a ci da jahilcinsa. Ɗan'uwan da ya rufe gwanjonsa da hannunsa saboda tayin ɓoye, shi ne ya fita da kayansa daga kasuwa ya miƙa wa mai tare hanya.

Abu na biyu, kuma wanda ya fi nauyi, shi ne haƙƙin waɗanda suka riga suka taya. Mai kaya ne da kansa ya shelanta musu cewa rana kaza za a rufe, kuma wanda ya fi shi zai ɗauka. A kan wannan magana tasa suka shigo, wani ya ware kuɗinsa ya ajiye, wani ya bar irin kayan ya wuce shi a wani wuri. A ƙa'idar eBay tayi a mafi yawan kayayyaki ɗauri ne a wuyan mai tayawa, in gwanjo ya faɗa kansa dole ya biya. To ta yaya za a ɗaure mai saye da maganarsa, shi kuwa mai sayarwa ya kwance tasa duk lokacin da ya hango ƙari? Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura aka buɗe ta, kuma malamai sun yi bayanin cewa sharaɗin da Musulmi ya amince da shi yana hawa kansa matuƙar bai halatta haram ba ko ya haramta halal. Abin takaici ma, mai son janye gwanjo yakan buƙaci hujjar da zai nuna, sai ka ji ya ce kayan sun ɓata ko sun lalace, alhali suna nan lafiya lau. Ga saɓa alkawari, ga ƙarya a kansa.

Na uku shi ne haƙƙin dillali. Dandalin da ya tallata kaya, ya tara masu saye, ya riƙe kuɗi a tsakani, aikin dillali ya yi, kuma la'adarsa an san ta tun kafin a fara. A Amurka eBay na karɓar kimanin kashi 13 cikin 100 a kan kayayyaki da yawa, wato a cinikin dala 150 abin bai wuce dala 20 da 'yan kai ba. Wanda ya ga wannan ya yi masa yawa yana da damar ya kai kayansa wani wuri tun farko. Amma ya shiga, ya samu mai saye ta hannun dillali, sannan su zagaye shi, wannan ko a kasuwar Kurmi ko ta Wambai abin kunya ne da ke zubar da mutuncin ɗan kasuwa. Kasancewar kamfanin na Turawa ne bai sauya hukuncin ba, domin amana ana cika ta ne ga Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Ban da haka, dokar dandalin ta hana tayin saye ko sayarwa a wajensa, kuma wanda aka kama ana iya cajinsa la'adar duk da haka, a taƙaita asusunsa ko a rufe shi baki ɗaya, sunan da ya ɗauki shekaru yana ginawa ya tafi a rana guda.

Na huɗu kuwa, da yawa daga cikin masu irin wannan tayi ba masu saye ba ne sam, 'yan damfara ne, kuma salonsu sananne ne. Wani zai turo wasiƙar imel mai ɗauke da tambarin PayPal ko na banki cewa an biya, kuɗin na jiran a turo lambar shaidar aika kaya, alhali ko sisi bai shiga ba. Wani zai aiko da cakin da ya zarce farashi, ya ce kuskure aka yi a mayar masa da ragowar, sai bayan kwanaki banki ya gano cakin jabu ne, kaya sun tafi, ragowar ma ta tafi. Wani zai biya da katin sata, mai katin na gaskiya ya kai ƙara a janye kuɗin. A gida kuwa kowa ya san labarin alat na bogi. Abin da ya haɗa su duka shi ne gaggawa da neman a fita daga dandali, domin kariyar da dandali ke ba mai sayarwa ta tsaya ne ga cinikin da aka fara aka kuma gama a cikinsa. Wanda ya fita ba shi da inda zai kai kuka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar nan kuwa ba wata ba ce illa kwaɗayin mai kaya.

Ba a ce duk mai tayin ɓoye mugu ba ne. Akwai mai buƙatar kayan da sauri, akwai wanda bai san ƙa'ida ba. Saboda haka ɗan'uwa ya amsa masa cikin ladabi, ya gode masa, ya shaida masa cewa gwanjo zai ci gaba har wa'adinsa, in yana so ya shigo ya taya tare da jama'a. Mai gaskiya zai shigo, maƙaryaci kuwa zai ɓace. Idan babu wanda ya taya tukuna, babu haƙƙin kowa a kan kayan, mai su na iya sa musu tsayayyen farashi a cikin dandalin, mai so ya saya a fili. Haka nan in wa'adi ya cika ba a saya ba, yana da 'yancin ya karɓi tayi ta hanyar da dandali ya tanada. Wanda ke tsoron kada kayansa su tafi a arha, maganinsa tun farko ne: ya bincika nawa aka sayar da irinsu, ya fara daga farashin da zuciyarsa ta yarda da shi, ko ya ƙayyade mafi ƙarancin abin da zai sallama. Kada ya ba da lambar waya ko adireshin imel, kada ya aika kaya sai ya buɗe asusunsa ya ga kuɗi da idonsa, kuma kada ya aika su ko'ina sai adireshin da ke cikin takardar cinikin. Mai gwanjo a zauren WhatsApp shi ma ya rubuta sharuɗɗansa da lokacin rufewa a fili, duk wanda ya bi shi ta bayan fage ya dawo da shi zaure.

Wajibi ne kuma a ja kunnen 'yan'uwa game da ɗaya gefen. Wani in ya ƙi tayin dala 150, sai tsoro ya kama shi kada gwanjo ya tsaya ƙasa da haka, sai ya sa abokinsa ko ya buɗe wani asusu ya riƙa tayawa don farashi ya hau. Wannan shi ne najashi, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito haninsa daga Ibn Umar, kuma dandalin ma ya haramta shi. Babu amfanin a guje wa cin amana ta ƙofa guda a shigo mata ta wata.

Yana iya yiwuwa ɗan'uwa ya ƙi tayin ɓoye, gwanjo kuma ya tsaya a dala 120, ya ga kamar ya yi asarar 30. Ko da haka ta faru, abin da ya shiga hannunsa halal ne tsantsa da babu haƙƙin kowa a ciki, kuma masu saye sun shaida cewa in ya ce rana kaza to rana kaza ce, gobe ma za su dawo. Matashin da aka san shi da sahun gaba a masallaci, shi ya fi cancanta a san shi da tsayuwa a kan magana a kasuwa, domin mutane da yawa ba za su taɓa jin wa'azinsa ba amma za su yi ciniki da shi. Allah Ya wadata matasan Musulmi da halal, Ya tsare su daga cin haƙƙin mutane da sharrin mayaudara, Ya sa albarka a cikin kasuwancinsu, amin.