A Ƙirga Itatuwan da Suka Rayu, Ba Waɗanda Aka Dasa Ba

Kowace damina akan yi bikin dashen itatuwa: a kafa rumfa, manya su dasa ɗaya-ɗaya, a sanar da yawan dashen da aka raba. Abin da ba a cika sanarwa ba shi ne guda nawa suka tsallake rani uku da bakin akuya. A ganina wannan ne lissafin da ke da amfani, kuma akwai mai shaidar da ba ya karɓar goro, wato tauraron ɗan'adam.

Ga yadda yake gani. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske domin haɗa abincinsa, sannan ya mayar da wani haske da idonmu ba ya gani, wanda ke gaba da ja a jerin launukan bakan gizo. Filin da ruwa ya kankare ba ya yin haka, na'urar tauraro kuwa tana auna bambancin. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, kuma tun 2008 hotunan kyauta ne. Sai dai kada ɗalibi ya ruɗu da hoton Agusta, lokacin da gero da ciyawa suka rufe ko'ina. A nemi na Maris. Koren da ya saura a lokacin galibi na itace ne, musamman gawo, wanda ke kakkaɓe ganye da damina ya tofo da rani.

Maƙwabtanmu na Maradi sun zama hujja. Daga 1983 manoma suka kama abin da suke kira sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi. Ba a san girman aikin ba sai da aka gwada hotunan sama na 1975 da na bayan shekarar 2000, aka kiyasta itatuwa kimanin miliyan 200 a fili kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Zamfara tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda aka kafa wa hukuma a 2015. Dajin Tsafe ko Bungudu da rashin tsaro ya hana malamin daji shiga, tauraro yana ratsa samansa hankali kwance. Don haka ya kamata duk wanda aka ba kuɗin dashe ko na toshe kwazazzabo ya bayyana ainihin wurin a taswira, kowa ya duba. Haka ma gaɓar Kogin Sakkwato a Gusau, a jera hotunan shekaru a ga inda take ci.

Amma tauraron yana da iyaka. Ɗigo ɗaya a hoton Landsat na yanzu fili ne mai mita 30 tsawo da faɗi, don haka ba ya ganin ƙaramin dashe, ba ya kuma bambanta darbejiya da ɗorawa. Nan ne aikin makarantu. Malamin kimiyya a Tudun Wada zai iya zaɓar fili ɗaya kusa da makaranta, ɗalibai su ƙirga dashen su auna tsayinsa kowane Maris, su rubuta a littafi guda da za a miƙa wa ajin da ke biye.