“Kuɗinsa ne” ba amsa ba ce

Da zarar hoton wani babban mutum ya bazu yana fitowa daga kantin agogo a Dubai ko Landan, direban haya riƙe da ƙofar mota, sabon Rolex a tsintsiyar hannu, amsar da za ka ji a majalisun Wunti da Muda Lawal a Bauchi ɗaya ce: kuɗinsa ne, hassada ga mai rabo taki. Wannan magana ta fi agogon yi mana illa, domin ta rufe bakin mai tambayar inda aka samo kuɗin.

A 2019 babbar kotun tarayya da ke Legas ta mallaka wa gwamnati kayan ƙawa na kimanin dala miliyan 40 da EFCC ta ƙwace a binciken tsohuwar ministar mai, Diezani Alison-Madueke, ciki har da agoguna 189. Kafin ranar hukuncin, su ma “kuɗinta ne”.

To, mu ɗauka halak ne tsantsa, gumin kasuwanci. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. A wannan farashi, agogon dala 20,000 naira miliyan 30 ne, wato albashin fiye da shekara 35 ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ba a sa tikitin jirgi da otal da motar da ke jira a ƙofar kanti ba. Kuma dalar nan a hannun ’yan canji ake nemo ta, inda mai shigo da magani da mai kayan gyaran mota suke layi. In Alhaji ya taya da tsada, a kemis talaka zai biya.

Wasu su ce ai jari ne, agogo ba ya faɗuwa. Ya faɗi: farashin na-hannu ya kai ƙololuwa a farkon 2022, sannan ya yi ta sauka. Ko da ya tashi, wa ya ci? Maƙerin Suwizalan da direban Dubai. Jarin da ke kwance a akwati bai taɓa ɗaukar yaro ɗaya aiki a Yelwa ko Jahun ba, a Bauchin da kamfanin Steyr mai harhaɗa taraktoci da manyan motoci ya daɗe da durƙushewa.

A garin nan kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yake. Muna kai ’yan makaranta, muna gaya musu Firayim Minista ne ya rasu a 1966 bai tara dukiya ba. Da yamma kuma yaran su gan mu muna zubewa gaban mai agogo ba tare da tambayar sana’arsa ba. Darasi na biyun suke ɗauka. Mai riƙe da muƙamin gwamnati ya nuna takardar kadarorinsa, ɗan kasuwa ya nuna mutum nawa ke ci a ƙarƙashinsa, sannan mu ce ranka ya daɗe.