Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Akwai wani ra'ayi da ya yi kaka-gida a jami'o'in Afirka ta Yamma, wai bai kamata malami ya nemi takardar mallaka a kan abin da ya ƙirƙiro ba, domin ilimi ba hajar kasuwa ba ne. Maganar tana da daɗin ji, amma tarihi ya daɗe da ƙaryata ta.

A shekarar 1940, Howard Florey da Ernst Chain na Jami'ar Oxford suka tabbatar da cewa penisilin yana kashe ƙwayoyin cuta a jikin dabba. Chain ya so a yi wa aikin rajista, manyan masana na Ingila suka ce yin haka abin kunya ne. Daga bisani Andrew Moyer, wani mai bincike a Amurka, ya yi rajistar hanyar samar da maganin da yawa. Masu wahalar farko suka tashi da yabo, riba ta tafi ƙetare.

Masu cewa rajista rowa ce sai su dubi insulin. A 1923 waɗanda suka gano shi suka sayar wa Jami'ar Toronto haƙƙinsu a kan dala ɗaya kowannensu, jami'ar kuwa ta yi amfani da takardar wajen sa ido kan ingancin maganin da kamfanoni ke yi. Haka ma Jami'ar Stanford: takardar da ta samu a 1980 kan dabarar Cohen da Boyer ta haɗa ƙwayoyin gado, ba ta ɓoye ta a akwati ba, ta ba kamfanoni fiye da 400 izinin aiki da ita. Wanda ya mallaki abu shi ke da ikon kyauta da shi. Wanda bai mallaka ba, ko shawararsa ba a nema.

Laifin ba na malamai kaɗai ba ne. Jami'ar da ba ta ƙirga komai wajen ƙarin girma sai yawan maƙalu, ita ke tura malaminta ya buga sakamakonsa da gaggawa. Alhali ƙa'ida ita ce, ba a yi wa ƙirƙira rajista sai tana sabuwa, kuma abin da aka riga aka bayyana a mujalla ko a taro ya bar zama sabo.

Hanya kuwa a buɗe take. Hukumar OAPI da ke Yawunde ta haɗa ƙasashe 17, ciki har da Nijar da Kamaru da Chadi, kuma rajista guda tana kare ƙirƙira a dukkansu har shekara 20. Abin da ya rage shi ne kowace jami'a ta buɗe ofishin da zai duba bincike kafin a buga shi, ta biya kuɗin rajista, ta rubuta kason malami a fili, sannan ta sanya takardar mallaka cikin ma'aunin ƙarin girma. Jami'ar da ta ƙi yin haka, kada ta yi kuka ranar da ta ga gumin malamanta cikin kwalin wani kamfani.