Mu Yi Tunani: Littafin Mai Duba

Masu karatu, a Turai da Amurka akwai masu duba da wata irin karta mai kati 78, ana ce da ita tarot. A Italiya aka fara ta wajen 1440, don wasa kawai. Sai a ƙarni na 18 waɗansu a Faransa suka mai da ita kayan duba.

Yau da yawa cikin masu wannan sana'a suna rubuta kome a kwamfuta ko waya, a tsare kamar na asibiti: sunan mai zuwa, ranar zuwansa, damuwarsa, katin da ya fito, da kuɗin da ya biya. In ya komo baɗi, mai duba ya riga ya karanta. Sai mutum ya riƙe baki, wai an san asirinsa. Ashe da bakinsa ya faɗa!

Asirin gidansa kuwa yana nan a rubuce. Ran da aka sace wayar, ya shiga hannun wani.

Kubawar Shari'a 18:10-12 ta hana duba. Mai damuwa sai ya kai kukansa ga Allah, wanda ya san gobe.