Kuɗin jin sauti: gwaji ne kaɗai garantin mai sayen lasifika a Maradi

A Amurka da Turai, wasu dillalan manyan lasifikoki, irin waɗanda kuɗinsu ke kai dubban daloli, sun fara cajin mai saye tun kafin ya saurari kayan. Sai ka biya, a ba ka lokaci, ka zauna a ɗakin da aka tsara don sauti. In ka saya a cire kuɗin daga farashi, in ba ka saya ba sun tafi. Hujjarsu ita ce mutane na cinye musu yini suna saurare, daga baya su sayi kayan da rahusa a intanet.

Wannan ƙorafi ba baƙo ba ne ga mai shagon lasifika a babbar kasuwar Maradi. Matashi zai shigo, a haɗa masa waya, a canza waƙa sau biyar, ya ɗauki hoton kwali, ya aika wa abokinsa a Kano ta WhatsApp a nemo masa mai sauƙi. In Nigelec ta ɗauke wuta, da man janareton mai shago aka yi wannan nishaɗi, kuma ko bayan ragin da gwamnati ta yi a watan Yulin 2024, a sefa 499 litar fetur ta tsaya. Wanda ya sha duhun 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ya san gwaji ba kyauta yake zuwa ba.

Duk da haka, kwafo wannan tsari zuwa Maradi zalunci zai zama, domin kasuwannin biyu ba ɗaya ba ne. Wanda ya biya kuɗin saurare a Faransa yana fita da rasit da garantin shekara 2 wanda doka ta tilasta. Wanda ya sayi lasifika a nan, sau da yawa abin da ke raka shi bakin ƙofa shi ne "in ka fita ba a mayarwa". Minti biyar ɗin da ya yi yana saurare su ne kaɗai kariyarsa.

Kuma akwai abin saurara. Kwali zai ce wat 5000, alhali wannan adadi na ƙarfin da lasifikar ke kaiwa ne cikin ƙiftawar ido kafin ta ƙone. Ainihin ƙarfin da take iya riƙewa, wanda ake rubutawa RMS, ƙalilan ne, in ma an rubuta shi. Tambarin JBL a jikin akwati ba ya nufin kamfanin ya taɓa ganin akwatin. Jabun kan yi daɗi a ƙaramin sauti. Sai an ƙure murya, an bar ta ta ɗauki zafi, sannan za a ji gangar ƙasa ta fara karkarwa, muryar mawaƙi ta shaƙe. Gwajin da zai tona wannan shi ne wanda ya fi cin mai, shi ne kuma wanda mai kayan banza ya fi son a gajarta.

Su wa ke saye? Mai kiɗan biki da zai ci abinci da ita. Kwamitin masallaci daga Jiratawa da ya tara kuɗi sefa-sefa. Yaro daga Tibiri da yayansa ya turo masa kuɗi ta Nita daga Abijan don ya fara sana'ar haya. Irin wannan yaron in aka ce kowane shago sai ya ajiye jaka ɗaya kafin a kunna masa, ba zai zagaya shago huɗu ba. Zai tsaya a na farko, ya saya don kar kuɗinsa su tafi a banza. A nan kuɗin gwaji ke zama tarko: ba man janareto ake biya ba, damar kwatanta farashi ake ƙwacewa.

Akwai ma inda malamai za su sa baki. Kuɗin da ake cirewa daga farashi in an saya, a riƙe in an fasa, ya yi kama da kafin alƙalamin da mazhabar Malikiyya ba ta yarda a cinye ba, ko da yake wasu za su ce ladan aiki ne. A garin da Alhazai suka gina kasuwanci a kan amana, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Mai shagon da ke son a daina yi masa wasa da wuta yana da hanya mafi sauƙi. Ya rubuta rasit, ya ba da kwana 3 ko mako guda na mayarwa. Ko ba komai, batirin lasifika ba ya gwaduwa a shago; sai an kai ta gida, an yi dare guda da ita, ake sanin awa shida da aka yi alkawari ba awa ɗaya ba ce. Nijar na da dokar kare masu saye tun 2015, amma a layin masu kayan sauti takardar da mai shago ya sa wa hannu ta fi ta saurin aiki. Wanda ya ba da wannan takarda, in ya ce a taimaka da kuɗin mai lokacin da babu wuta, ya kuma faɗa tun kafin ya ja igiyar janareto, da wuya a samu mai yi masa gardama.